Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Wasu daga cikin matasan ma'aikatanmu da manyan ɗalibai sun soma wata al'ada wadda ba mu ga laifinta ba, watau su tsuke bakin aljihu shekara ɗaya ko biyu, ko su shiga adashi, don su je su ga wata ƙasa tun nauyin iyali bai danne su ba. Cikin wuraren da suka fi shiga ransu akwai Masar, musamman yawon nan na jirgin ruwa a kan kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita 200 ne da 'yan kai, amma akan yi kwana uku ko huɗu ana yinta, domin jirgin yakan tsaya a Edfu da Kom Ombo a sauka a ga ɗakunan bautar mutanen dā, sa'an nan a koma cikinsa a ci abinci a kwana. Tun wajen biyan kuɗi kamfanin da ya shirya tafiyar yakan ce wa mutum: ga ƙarin kwana uku bayan an sauka daga jirgi, in kana so, sai ka zaɓa, ko a Alƙahira ko a Iskandariyya.

A nan gardama take. Mun ji ta a ɗakunan kwanan ɗalibai, mun kuma ji ta a ofis bayan an tashi daga aiki. Ba ƙaramar magana ba ce ga wanda albashinsa ƙididdigagge ne, hutunsa na shekara kuma ba ya ƙaruwa don ya yi nisa da gida. Yadda Naira ta koma kuwa, da wuya wanda ya je sau ɗaya ya sake komawa kafin furfura. Ra'ayinmu shi ne a ba Alƙahira kwanakin nan uku ɗungurungum, kada a gutsura wa Iskandariyya ko yini ɗaya daga ciki, sa'an nan a ƙi yarda da Alƙahirar da kamfani ya saba nuna wa baƙi. Amma kafin mu kawo hujja, adalci ne mu fara da abin da masu son Iskandariyya ke faɗa, don maganarsu tana da nauyi fiye da yadda ake zato.

Hujjarsu ta farko ita ce, galibin abin da mutum ya gani a bakin kogi aikin Iskandariyya ne. Ɗakin bautar Edfu, wanda ya fi sauran tsira daga rushewa, an aza harsashinsa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gama a ta 57. Na Kom Ombo da mafi yawan na Fila su ma na wannan zamani ne. Sarakunan da suka gina su Girkawa ne, zuriyar Batlamus, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar ɗan Makidoniya wanda ya kafa birnin a 331, kuma a Iskandariyya suka zauna har sarauniyarsu ta ƙarshe, Kiliyobatra. Ke nan wanda ya ga Edfu bai ga Iskandariyya ba, kamar wanda ya zaga gundumomi ne bai je fada ba.

Hujja ta biyu ta fi daɗin ji ga ɗalibin kimiyya. Wani masani mai suna Eratostenis, wanda ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya sami labarin cewa a Aswan, ranar da yini ya fi tsawo a shekara, idan rana ta take tsaka sanda ba ta yin inuwa. A Iskandariyya kuwa tana yi. Ya auna karkatar inuwar ya ga kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, ya ninka nisan da ke tsakanin garuruwan biyu sau 50, ya fito da kewayen duniya, bai kuma kauce ƙwarai ba. Wanda ya tashi daga Aswan ya sauka Iskandariyya, da ƙafarsa ya bi ma'aunin nan. Wannan abu ne mai faranta rai, ba mu musu.

Su kuma masu ilmin addini suna da tasu. A Iskandariyya Ɗurɗushi mai littafin Sirajul Muluki ya zauna har ya rasu a 1126. A can Ibnul Hajibi ya rasu a 1249, wanda Shaihu Halilu ya yi wa littafinsa na fiƙihu sharhi. A can kuma, kusa da bakin teku, masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, gefensa ga wanda ake danganta wa kabarin almajirinsa Busiri, mai Alburda da Hamziyya da ake rerawa a zaurukanmu. Daɗin daɗawa ga iskar Bahar Rum, ga kifi, ga sauƙin zafi. Mutumin da ya yi kwana huɗu yana hawa da sauka cikin ranar kudancin Masar, ba laifi in ransa ya biya wa hutu.

To, duk mun ji. Tambayarmu ɗaya ce: idan an isa, me ido zai gani?

Hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya, wadda tsawonta ya haura mita 100 aka kuma lissafa ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na mutanen dā, girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 sun gama da ita. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube. Da ya komo a 1349 ya tarar ko shiga ba ta yiwuwa. A kan tushenta Sarki Ƙayitbai ya gina ganuwar tsaro wajen 1477, ita ce ake kai baƙi yanzu, duwatsun hasumiyar kuwa masu nutso ne suka gano su a ƙarƙashin teku daga 1994. Babban ɗakin karatun bai bar ko tubali ɗaya da za a nuna a ce nasa ne ba. Wanda ke tsaye yau sabo ne, a 2002 aka buɗe shi, kyakkyawa ne ƙwarai, amma ba ya cikin abin da ya sa aka san garin. Fadar sarakuna tana cikin ruwa. Kabarin Iskandar ba a same shi ba, na Kiliyobatra ma haka. Dogayen duwatsun nan biyu masu tsini da suka shafe kusan shekara dubu biyu a bakin teku, ɗaya yana London, ɗaya yana New York, tun ƙarshen ƙarni na 19. Abin da girgizar ƙasa ta rage, Sarkin Ƙubrus ya wawashe a 1365, jiragen yaƙin Ingila suka yi wa sauran ruwan wuta a 1882.

Abin da ya saura ba na rainawa ba ne. Akwai kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom Shuƙafa, inda aka sassaƙa gumakan Masar sanye da sulken sojan Rum. Akwai dogon ginshiƙin jan dutsen Aswan mai mita 27, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan Pompey bisa kuskure, alhali don Sarkin Rum Diyokiletiyan aka tsayar da shi. Akwai ɗan dandalin Rumawa da ɗakunan lacca a Kom Dikka, da gidan kayan tarihin Girkawa da Rumawa da aka sake buɗewa a 2023 bayan shekara 18 yana rufe. Yini ɗaya da rabi ya ishe su duka. Sauran tarihin garin a cikin littafi yake, littafi kuwa muna da shi a laburaren jami'a kyauta. Iskandariyya gari ne na wanda ya riga ya yi karatu mai yawa a kanta, wanda zai iya tsayawa a bakin titi mai cike da motoci ya ce a ransa, a nan ƙarƙashin ƙafata kaza yake. Wanda ya sayar da babur ɗinsa don ya zo ya gani da ido, ba a kyauta masa ba in aka ce ya rufe ido ya ƙiyasta.

Sai masu cewa a raba, kwana biyu a nan, yini ɗaya a can. Wannan ce shawarar da ta fi kama da hankali, ita ce kuma ta fi muni, mun sani domin mun faɗa ciki. Tsakanin biranen akwai kilomita wajen 220. Muka bar masauki bayan asuba, muka yi awa uku da wani abu a hanyar hamada, muka isa hantsi ya dubi ludayi. Aka kora mu cikin kaburbura aka koro mu, aka tsayar da mu gindin ginshiƙi aka ɗauki hoto, aka kai mu ganuwa, aka zaunar da mu a wani gidan cin kifi da direba ya san mai shi. Masallacin Busiri ta tagar mota muka hango shi, ɗan jagora ya nuna da yatsa yana duban agogo. Muka komo bayan lisha jiki duk ya yi tsami, washegari ba wanda ya iya tashi da wuri. Muka rasa yini ɗaya da rabi na Alƙahira, ba mu kuwa sami Iskandariyya ba. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

Yanzu ga abin da ya sa muka tsaya a kan Alƙahira. Dalili na farko gajere ne. Kaburburan da aka shiga a Kwarin Sarakuna na Luksor, waɗanda suka haura 60, kusan dukansu wayam suke. Masu su suna Alƙahira. Tun a 1881 da 1898 aka gano maɓoya biyu inda limaman dā suka tattara gawawwakin sarakunansu saboda ɓarayi, aka kwaso su zuwa arewa. A watan Afrilu na 2021 aka ɗauki 22 daga cikinsu, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka mai da su sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ. Ramsis na Biyu, wanda mutum ya gaji da ganin gumakansa a kudu, yana can kwance, ana ganin gashin kansa da ƙoƙon hancinsa. Hatshebsut mai ɗakin bautar nan na gindin dutse ita ma tana can. Tutankamun ne aka bari a kabarinsa, amma kayansa sama da 5,000 da aka samu tare da shi a 1922 suna babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da dalar Giza a watan Nuwamba na 2025. Wanda ya ga kube a Luksor, a Alƙahira zai ga takobin.

Dalar kanta a je a gan ta, tilas ne. Babbar ta kai mita 146 sa'ad da aka gina ta, shekara 4,500 da suka wuce, ba kuma hoton da ke shirya mutum ga girmanta. Rabin yini ya isa, a haɗa da gidan tarihi ya zama yini guda. A yi hattara da masu raƙuma, waɗanda hawa a wurinsu arha ne, sauka ce da tsada.

Amma fa a nan kamfanoni ke cutar mutane, ko da ba da nufi ba. Alƙahirarsu ita ce dala, da gidan tarihi, da kantin turare, da kantin takardar gargajiya inda mai mota ke da la'ada, sai awa ɗaya a kasuwar Khan Halili a sayi tsaraba. Mutum ya komo gida ya ce ya je Alƙahira. Bakano ya daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan: hangen Dala ba shiga birni ba. Maganar ta zauna daram a nan, domin dalar Giza tana ƙetaren kogi ta yamma, ta kuma yi shekara 3,500 a tsaye kafin Jauhar, sarkin yaƙin Faɗimiyyawa, ya shata birnin Alƙahira a 969. Ba abin da ya haɗa su sai maƙwabtaka. Birnin da muke nufi yana gabas, cikin ganuwa da kewayenta, shi ne kuma muke roƙon a ba kwana biyun da suka rage.

A shiga ta Babul Futuh, ƙofar arewa da aka gina a 1087, a bi titin Mu'izz a ƙafa har Bab Zuwaila ta kudu. Kilomita ɗaya ne kacal, amma mai lura zai yi yini bai ƙare ba. Wajen tsakiyarsa akwai gine-gine uku manne da juna, muna so mai karatu ya riƙe su. Na farko na Sarki Ƙalawun ne, makaranta da hubbare da asibiti, an gina a 1284 zuwa 1285, asibitin yana karɓar mai kuɗi da talaka. Na biyu makarantar ɗansa ce, Nasiru Muhammadu. Shi ne sarkin da Mansa Musa na Mali ya iske a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ya yi ta nauyin jiki wajen zuwa gaishe shi don ba ya so ya faɗi ya sumbaci ƙasa gaban wani sarki, ya kuma zubar da zinariya a kasuwannin garin har darajarta ta faɗi, kamar yadda Umari ya rubuta bayan shekara 12. Na uku na Sarki Barƙuƙ ne, an gama shi a 1386.

A gaban wannan na uku ya kamata ɗan ƙasarmu ya daɗe a tsaye. Wajen 1391 wata wasiƙa ta iso wa Barƙuƙ daga Mai Usman ɗan Idris, Sarkin Barno. Ƙara ya kawo. Ya ce Larabawan Juzam sun kai wa ƙasarsa hari, sun kama 'ya'ya Musulmi, maza da mata da yara, har da danginsa, sun sayar wa fataken bayi na Masar da Sham, ya roƙi sarki ya sa a bincika a sako su. Wani magatakardan fada, Ƙalƙashandi, shi ya kwafe ta cikin littafinsa Subhul A'asha, da haka ta iso gare mu. Ba mu kawo wannan don mu ɓata wa kowa yawo ba. Mun kawo shi don kada a ɗauka dangantakarmu da wannan birni zuma ce zalla. Ta titunan nan aka bi da malamanmu, ta nan kuma aka bi da 'yan'uwanmu a ɗaure. Ba ɗan jagoran da zai faɗa maka wannan, galibinsu ba su ma sani ba.

Shekara 150 kafin wasiƙar, wajen 1240 da 'yan kai, mutanen Kanem sun ba wani alƙali, Ibn Rashiƙ, kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, inda ɗalibansu da alhazansu ke sauka, suna kuma aiko mata da kuɗi a kai a kai. Maƙrizi ne ya ba da labarinta. A masallacin Azhar, wanda aka fara salla cikinsa a 972, akwai ɓangaren kwanan ɗalibai da aka sani da sunan Barnawa. Can hayin Giza har yau akwai unguwa mai suna Bulaƙ Dakrur, sunan da ke komawa ga Takrur, watau yadda Larabawa ke kiran ƙasashenmu na yamma. Ku dubi wannan da kyau, 'yan'uwa ɗalibai. Shekara 800 da suka wuce mutanen bakin tafkin Chadi suna biyan kuɗin ɗakin kwanan ɗalibansu a ƙasar waje, ba tare da an yi zanga-zanga ba.

Littattafan zaure kuwa, in aka bi sawunsu, da yawa a nan suke tsayawa. Wanda ya taɓa zama wajen tafsiri da azumi ya ji ana jan baƙi ana fassara daga Jalalaini. Jalaluddin Mahalli ya fara shi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya rasu a 1459 bai kammala ba. Almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi ya cike rabin farko cikin kwana 40, bai wuce shekara 22 ba, tsaran wasunmu da ke kukan aikin ƙarshen zango. Suyuɗin nan shi ne ya aiko wa sarakunan Takrur wasiƙar nasiha a kan adalci, ya ambaci Sarkin Agadas da Ibrahim Sarkin Katsina da suna, shi ne kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya gana da shi a tafiyarsa ta hajji. Muhtasar, wanda alƙalanmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna hukunci da shi, Halilu ɗan Ishaƙa ne ya rubuta shi, mutumin Alƙahira, ya kuma koyar a makarantar Shaihu da ke titin Saliba. Ginin yana nan tsaye, tafiyar 'yan mintoci daga masallacin Ibn Ɗulun na 879, ana shiga a zauna. Madhal na Ibnul Hajji, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yawaita kafa hujja da shi, a Alƙahira aka rubuta shi. Malamin Shehu, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a nan ya sadu da Murtala Zabidi ya karɓi ijaza.

Ba karɓa kaɗai muka yi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine, masanin lissafi da taurari, bayan ya yi hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa, ya yi rubutu a kan hatimi, watau jera lambobi cikin gidaje yadda ta kowace fuska aka tara jimla ɗaya za a samu. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, wanda ya ɗauki ilmi a wurinsa. Ɗalibin lissafi da aka koya wa cewa fanninsa daga Turai ya zo cikin akwati, yana da kyau ya san akwai Bakatsinen da Misirawa suka durƙusa gabansa.

Wani zai ce, ai kun faɗa ramin da kuka haƙa wa Iskandariyya, domin makarantar Ibn Rashiƙ ma babu ita, ba kuma allon da aka kafa a ce nan Mansa Musa ya tsaya. Gaskiya ne. Bambancin shi ne, a Alƙahira abin da ya ɓace yana kewaye da abin da ya tsira. Azhar tana nan ana karatu cikinta. Masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, yana inda aka kafa shi a 642 ko da yake an sha sake gininsa. Makarantar Sarki Hasan ta ƙarni na 14, mai sashe huɗu don mazhabobi huɗu, tana nan da tsayin da ke sa hula faɗuwa. Ƙofar da aka rataye Ɗumanbai a 1517, sarkin Mamalik na ƙarshe, ana hawa samanta a ga gari. Ƙayitbai ɗin nan ma da ya gina wa Iskandariyya ganuwarta, hubbarensa da masallacinsa suna maƙabartar arewa ta Alƙahira, sun kuwa fi ganuwar kyau nesa ba kusa ba. Hotonsu ne a takardar fam ɗaya ta Masar.

Wani kuma zai ce, wannan son kai ne, mutum ya ƙetare hamada don ya nemo labarin gidansu. Muna ganin akasin haka ne ya fi zama abin kunya: a je a haddace sunayen fir'aunoni goma sha, a komo ba a san cewa titin da aka sayi turare a kansa yana da labarin Barno da Katsina ba. Kuma Alƙahira ba ta mutum ɗaya ba ce. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 1987, zai sauke ka a tashar Mar Girgis, ƙofar unguwar Kibɗawa, inda majami'ar nan da ake kira Ratayayya take bisa hasumiyar tsohuwar ganuwar Rumawa, ga majami'ar Abu Sarga, ga ɗakin ibadar Yahudawa na Ben Ezra inda aka sami tulin takardun da suka bayyana cinikin zamanin dā daga Andalus har Indiya. Duka tafiyar ƙafa ce daga masallacin Amru. 'Yan'uwanmu Kirista da ke karanta wannan mujalla ba za su rasa abin gani ba.

Ba za mu ɓoye aibin garin ba. Mutum sama da miliyan 20 ke zaune cikinsa da kewayensa. Ga ƙura, ga hayaƙi, ga ƙahon mota dare da rana, tsallaka titi kuwa sai an yi shahada. Masu neman na goro ba su ƙarewa. Wanda ya fito daga shirun kogi zai ji kamar an jefa shi Sabon Gari ranar jajibere. In hutu kake nema, ko ka riga ka san Alƙahira, ko karatunka a kan Girkawa da Rumawa ne, to tafi Iskandariyya, ka kuma ba ta kwana ukun duka, ka je ta jirgin ƙasa, ka zauna bakin teku da la'asar. Ba da kai muke gardama ba.

Akwai kuma abin da ya sa muke ganin kada a jinkirta. Tun daga 2020 hukuma take rushe wasu sassa na Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar birnin, don shimfiɗa tituna da gadoji, ana ce wa iyalai su kwashe ƙasusuwan kakanninsu, masana tarihi na Masar suna ta kuka. A wannan maƙabarta Imam Shafi'i yake, da Ibnul Ƙasim almajirin Imam Malik wanda Mudawwana ta fito daga amsoshinsa, Suyuɗi ma a bakinta aka binne shi. Manyan hubbarori irin na Shafi'i ba a taɓa su ba, amma unguwar da ta kewaye su tana sakewa kowace shekara. Dala ba inda za ta.

Shawarar aiki kaɗan ce. A gaya wa kamfani tun a gida cewa masauki da mota kawai ake so a kwana biyun ƙarshe, a rubuta a takarda. A nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu na Azhar, suna da yawa, wasu suna zaune a Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban ƙasashen waje. Ya san lungu, ya san farashi, zai yi maka ciniki da Larabcin kasuwa, kai kuma ka kyautata masa, don zaman karatu a can ba sauƙi. A sa takalmin da ke saurin cirewa.

Wuri na ƙarshe kafin filin jirgin sama, a je kudancin tsibirin Rauda. A nan ma'aunin kogi yake, wata rijiya ta dutse mai matakala, da ginshiƙin marmara a tsakiya wanda aka tsaga kamu-kamu, an gina ta a 861. Shekara dubu da ɗoriya idon Masar duka yana kan wannan ginshiƙi lokacin cikar kogi: in ruwa ya kai kamu 16 an tsira, a yi shagali, a yanka haraji, in ya gaza, yunwa, in ya zarce ƙwarai, ambaliya. Madatsar Aswan, wadda mai yawo ya tsaya a kanta 'yan kwanaki kaɗan da suka wuce, ita ta sallame shi daga aiki da aka gama ta a 1970. A wannan tsibiri Suyuɗi ya kulle kansa a ƙarshen rayuwarsa yana rubutu, yana mai da kyautar sarakuna, har ya rasu a 1505. Maƙwabcin rijiyar ɗan gidan tarihi ne na mawaƙiya Ummu Kulsum, ga mai so. Ruwan da ke wucewa ta gefe shi ne wanda aka kwana a kansa a kudu. Kilomita 20 da 'yan kai a arewa da nan zai rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Rashid, ɗaya ya nufi Dumyaɗ, ba kuma wanda ya bi ta Iskandariyya a cikinsu. Sai da Muhammadu Ali ya sa aka haƙa mata magudana, aka gama a 1820.